Bazarar Anza da Ƙyanda

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. Zafi kuwa, ko ƙadangare ba ya yarda ya taka rairayin Gure da rana tsaka. Ƴata Fasuma tana shirin jarrabawar birbe, wato ta kammala kolej, ta mai da gindin dogon yaron tsakar gida wurin karatunta. Shekaranjiya ina tankaɗe na ji tana haddar darasin garkuwar jiki da Faransanci, tana rangaji tana lumshe ido kamar mai tilawa. Na ajiye rariya ina kallonta, har ta ɗago ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya lau, ci gaba da karatunki. Ni ma a irin wannan bazara na koyi darasin nan, ina ajin ƙarshe na kolej. Sai dai ni ba a aji kaɗai na koye shi ba.

Daminar da ta gabaci waccan bazarar ta yaudare mu. Ta fara da kyau, gero ya tashi har ya yi ciki, sai ruwa ya ɗauke. Muna ji muna gani ganye ya nannaɗe, ya koma fari-fari. Ɗan abin da ya tsira, fara ta zo ta gama da shi. Abin da muka ɗaure daga gonarmu ta hanyar Gidigir bai rufe ko ƙasan rumbu ba. Sanyi bai gama wucewa ba, Baba ya ɗaure ƴan kayansa ya bi mazan unguwa zuwa Najeriya cin rani. Ya bar Inna da mu uku: ni Zara, ni ce babba, sai ƙanena Mutari wanda bai isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, sai autarmu Bintu. Ita ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana ɗan dafa bango, ba a kuma yaye ta ba.

Da bazara ta shigo, rumbu ya riga ya zama ɗakin gizo-gizo. Muka koma ga anza, ƴaƴan wani icen daji. Wanda bai ci anza ba, ba zai gane ɗacinta ba. Da an yi sallar asuba Inna za ta goya Bintu, ta bi matan unguwa daji su tsinko ta. Ni kuma in ɗauki tulu in tafi rijiya, inda guga ke dawowa rabi ruwa rabi laka. Idan Inna ta dawo sai a shanya anzar, a daka a fitar da ɓawo, a jiƙa ta, a yi ta sauya mata ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya sauka yadda maƙogwaro zai karɓa. Ruwan da ake zubarwa ko akuya ba ta sunsunarsa. Ranar da aka yi sa'a, akan samu ɗan garin rogo a jiƙa shi da ruwa mai yawa don ya kumbura, a yanka ganyen jiga a ciki. Sau ɗaya ake ci, da yamma. Da safe ruwa muke sha, in ɗaura ɗankwali in tafi lakwal.

Ajinmu rufin kwano ne. Kafin hantsi ya ɗaga, kwanon ya fara ƙara saboda zafi, yara su fara gyangyaɗi, wasu don barci, wasu don jiri. Mai koya mana ilimin halittu Mushe Ilu ne, wani siririn mutum daga yamma, mai riga ɗaya tal da yake wankewa ranar Lahadi. Dokar lakwal Faransanci ce, amma in ya ga idanunmu sun yi fari ba mu gane ba, sai ya tura ƙofa ya juya Hausa.

Wata rana ya ce gobe wani ya zo da albasa. Aji ya fashe da dariya, don a duk cikinmu ba wanda tukunyar gidansu ta ga albasa tun kaka. Washegari shi ya sayo ta da kansa. Ya zo rungume da wani akwatin katako, ya fito da madubin ƙara girman abu, mikoroskof, wanda shi kaɗai ne a lakwal ɗin. Ba ya aiki da wuta, wani ɗan madubi ne a ƙasansa ake karkatawa ya kamo hasken rana. Ya ɗora shi a taga, ya ɓare wata fata siririya daga cikin albasar, ya ɗiga mata ruwa mai launi, muka yi layi.

Da na kafa ido, ya ce, "Zara, me kika gani?"

Na ce, "Mushe, kamar tubalin katanga, an jera."

"Madalla. Kowane tubali ɗaya shi ne selil, ƙwayar halitta. Kin ga ɗan ɗigon nan a cikin kowanne? Shi ne mai gidan, shi ke riƙe da umarnin yadda komai zai kasance. Albasa da raƙumi da ke kanki, duk da irin wannan aka gina ku."

Ban yarda ba sai da ya sa na kankari cikin kumatuna da tsinke mai tsabta, ya shafa a gilashi. Na ga nawa, ba su da katanga kamar na albasa, sun yi faɗi-faɗi kamar an taka su, amma ga ɗigon a tsakiya. Ya ce ɗaya takan rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu, da haka jariri ke zama mutum, da haka rauni ke warkewa. Masu kama da juna su taru su yi tsoka, wasu su yi fata, wasu ƙashi, wasu huhu. Ya ce kuma kowace ɗaya rai gare ta, tana ci, tana numfashi, tana fitar da ƙazanta.

Amsatu, ƴar garin Bune da muke zama tebur ɗaya, bakinta ba ya shiru. Ta ce, "To Mushe, namu dai azumi suke yi ke nan."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "In ba su samu daga waje ba, jiki kansa yake fara ci. Kitse tukuna, sannan tsoka." Dariyar ta mutu. Na ga kowa yana satar kallon wuyan hannunsa. Da aka tashi, ya yayyanka sauran albasar ya raba mana, kowa ɗan yanki kamar farce. Har yamma ina jin daɗinta a bakina.

A makonnin da suka biyo muka shiga darasin jini. Jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska daga huhu su kai wa kowane lungu na jiki, da farare, waɗanda ya kira masu gadi. Ya ɗebo ruwa daga kwamin da dabbobi ke sha a bakin rijiya, ya nuna mana ƴan halittu suna iyo a cikin ɗigo ɗaya. Ya ce wasu ƙwayoyin cutar ma sun fi waɗannan ƙanƙanta nesa, madubin nan ba ya iya ganinsu, sai sun shiga cikin ƙwayar jikin mutum suke hayayyafa. Ya ce, "Idan ɓarawo ya taɓa shiga gida, masu gadi sun ga fuskarsa, sun ƙera makamin da ya dace da shi. Ran da ya dawo, tun daga zaure za su tare shi. Wannan ita ce garkuwar jiki. Lamba kuwa, wadda ake yi wa yara a hannu, ɓarawon ne aka karya masa hannu da ƙafa, aka kawo musu su gan shi su shaida shi tun kafin na gaske ya zo."

Ba a jima ba na gasken ya zo. Ba wanda ya san ta inda ƙyanda ta shigo gari. Tsofaffi ba sa ma kiran sunanta, sai su ce baƙon dauro ya sauka a gidan wane. Na tambayi Inna ko na taɓa yi. Ta ce ina rarrafe na yi, har sai da aka fid da rai da idona na hagu. Mutari kuwa an yi masa lamba tun yana goye. Saura Bintu. Ranar da aka yi shelar lamba a unguwa, bayan girbin nan da bai yi ba, Inna tana daji da ita wajen roron ƙarangiya. Ta ce sai wani zuwan. Ƙyanda ta riga wani zuwan.

Da zazzaɓi ta fara. Jikin Bintu ya yi zafi kamar tukunyar da aka sauke, idanu suka yi ja suna kwantsa, ga majina, ga tari. Bayan ƴan kwanaki ƙuraje suka fito daga bayan kunne, suka sauko fuska, suka rufe ƙirji da baya. Muka kai ta likita. Ɗakunan asibitin sun cika, an shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa, uwa da ɗa, uwa da ɗa, har bakin katanga. Majo, babban ma'aikacin wurin, idanunsa sun faɗa don gajiya. Ya matsa mata wani ɗan jan magani a baki, ya ba da na shafawa a ido da na sha. Ya ce wa Inna, "Ki yi ta ba ta ruwa da nono, kada ki daina. Ki samo mata ƙwai, da madara, da hanta in da hali."

Inna ta ce, "To."

Muna hanya, rairayi yana ƙona mana tafin ƙafa, har muka kusa gida. Sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ƙwai."

Matsalar ita ce, uwar da ta zauna jinya, gidanta ba za a ci ba ranar. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wata tsohuwa Bamanga mai faɗa da son mutane, ita ta raba gardama. Ta share rumfarta, ta ce a kawo mata duk yaran da suka kamu a layinmu. Iyaye mata su tafi anza da rijiya, abin da aka samo a raba, tsofaffi da ƴanmatan da suka taɓa yin cutar su tsaya jinya. Da an tashi lakwal can nake wucewa. Aikin ba wuya gare shi ba, ƙarewa ne ba ya yi. A yi fifita da faifai, a kori ƙuda, a goge ido da ruwan da aka tafasa, a ɗura ruwa cokali-cokali, a sauya tsumma. Warin rumfar nan har yau in na tuna sai na ji shi a hancina. Mutari yana ta shiga yana fita a tsakaninsu, yana wasa da gwangwaninsa, ko atishawa bai yi ba. Ni ma haka. Ina kallonmu mu uku, ina tuna allon Mushe Ilu, kamar gidanmu ya zana.

Ba duka suka tashi ba. Jikan Ya Falmata shi ya fara tafiya, sai wasu tagwaye, ɗaya yau ɗaya jibi. Maza sun yi ƙaranci a gari, tsofaffi ne ke ɗaukar gawa, su da malaman lakwal. Sau da yawa nakan hangi Mushe Ilu a cikin ƴan rakiya, da rigar nan tasa.

Bintu kuwa ta tashi. Ƙurajen suka bushe, fata ta riƙa zubowa kamar dusa. Wata safiya ta zauna da kanta, ta miƙa hannu ta fizge cokali daga hannuna. Inna ta yi dariya, abin da na daɗe ban gani ba. Da gudu na tafi lakwal, na tari Mushe a bakin aji na ce, "Mushe, masu gadin ƙanwata sun yi nasara!"

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce, "Zara, kada ku saki jiki. Ita wannan cutar, masu gadin kansu take kashewa. Takan tafi ta bar gida ba kowa a ƙofa, duk wanda ya zo wucewa sai ya shiga. Kuma da abinci jiki ke ƙera sababbi. Yanzu ne take bukatar ci, fiye da lokacin da take kwance." Washegari ya miƙo mini gwangwanin madara a naɗe cikin takarda, ya ce in kai wa Inna, kada in tsaya godiya.

Madarar ta ƙare. Nonon Inna ma ya kusa ƙafewa, Bintu takan ja ta ja, ta saki ta yi kuka marar sauti. Sai gudawa ta sa ta gaba. Sai tarin ya dawo, wannan karon daga can cikin ƙirji. Bakinta ya cika da miki. Muka koma likita, aka ba da garin da ake kaɗawa a ruwa, aka yi mata allura. Cinyoyinta suka saki, fata ta yi yawa a kansu kamar ta aro. Anza kuwa, ko an dama ta yaya, ba ta wuce mata.

A kusurwar ɗakin Inna akwai wani tulu da Baba ya liƙe bakinsa da laka kafin ya tafi. Irin shuka ne a ciki, zaɓaɓɓen gero, zangarniya-zangarniya ya tsince shi daga ɗan abin da gona ta bayar. Ya ce ko me ake ciki kada a taɓa. Duk yunwar nan ko kallon wajen ba ma yi. Wata rana da azahar na dawo na tarar Inna ta ɗauko taɓarya tana ƙwanƙwasa lakar. Ya Falmata tana tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ƴar nan, in ruwa ya sauka me za ku shuka?"

Inna ta ce, "Ya Falmata, in ta tafi, wa zan noma wa?"

Tsohuwar ta ce, "Miƙo in surfa miki."

Ƙamshin kunun gero na gaskiya ya cika gidan, har ya sa ni hawaye ban sani ba. Mutari ya zo ya tsaya a kanmu, bai roƙa ba, yana dai haɗiyar yawu. Bintu ta karɓi cokali ɗaya, ta karɓi na biyu, a na uku ta kau da kai saboda mikin baki. Abin da ta sha ma bai zauna ba. Inna ta miƙa wa Mutari sauran. Haka aka yi ta yi, kullum tafi guda daga tulu, kullum ana sa rai yau zai zauna.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Iska ta tsaya cik, gari ya yi duhu, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna ihu a lunguna, mata na tara ruwa a duk abin da ke da baki. Ni ina ɗaki da Bintu a cinyata, ina kallon haƙarƙarinta yana shiga yana fita da sauri-sauri. Na ɗaga ta na kai ta bakin ƙofa don ta ji sanyin. Feshin ya taɓa mata fuska, ta buɗe ido ta dubi ruwan, ta daɗe tana kallo.

Da hantsi washegari ta cika, a hannun Inna, daidai lokacin da mutane ke wucewa ta ƙofar gida da sungumi a kafaɗa. Ya Falmata ta yi mata wanka. Tsofaffin unguwa da Mushe Ilu suka ɗauke ta a ƴar tabarma. Wanda ya haƙa kabarin ya ce ƙasa ta yi laushi, ba ta ba su wuya ba.

Mata suna zaune ana gaisuwa, bayan azahar Inna ta miƙe ta ce in juye abin da ya saura a tulu cikin ƙwarya. Wata ta ce, "Haba, yau-yau?" Inna ta ce, "Laima ba ta jiran makoki." Matan suka tashi suka ɗaura ɗamara, suka bi mu gona. Babu maza, su suka riƙe sungumi suna sara, ni da Inna da Mutari muna bi muna zuba iri muna rufewa da diddige. Muna ƙanƙanta abin da muke zubawa a kowane rami, duk da haka a tsakiyar gona ƙwarya ta ƙare. Inna ta kife ta, ta buga bayanta, ta tsaya tana kallon sauran filin.

A hanyar dawowa ta ce mini, "Zara, kwanaki na ji kina cewa jiki in ya sha wata cuta sau ɗaya, ba ta ƙara kama shi."

Na ce, "Wasu cututtukan, Inna."

Ta ce, "Na binne biyu kafin in same ki. Na zaci na saba." Ta gyara zanenta, muka ci gaba da tafiya.

Na zauna jarrabawa a cikin wannan hali. Tambayar garkuwar jiki ta fito, na rubuta duk abin da na sani, na kuwa ci. Yau yarana duka an yi musu lamba, ta ƙyanda har sau biyu, maganin yana cikin firji mai aiki da hasken rana, ba sai an jira wani zuwan ba. Anza dai ba ta bar mu ba, bana ma na ga mata suna dawowa da ita daga daji. Kuma yau in abu ya faru a gida, kafin a gama wankan gawa labari ya kai Kano ta waya. A wancan lokacin sai in wani zai tafi a ba shi saƙo, da damina kuwa ba mai tafiya, kowa dawowa yake.

Don haka Baba bai sani ba. Shuka ta fito ta yi kunnen kura, wata yamma sai ga shi ya yi sallama, ya rame ya yi baƙi, da ɗan buhun masara a ka. Mutari ya ruga ya rungume ƙafarsa. Na karɓi buhun. Inna ta fito daga madafa ta durƙusa ta yi masa sannu da zuwa, ta juya za ta ɗebo ruwa. Sai ya ga bayanta ba goyo. Ya dubi tabarmar tsakar gida, ya dubi ƙofar ɗaki, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ya zauna a kan turmi. Inna ta kawo ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, "Kun yi shuka?"

Inna ta ce, "Rabin gona. Na buɗe tulun."

Sannan ya ce, "Ta sha?"

"Kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gara da kika buɗe." Ya ajiye ƙwaryar ruwan a ƙasa a hankali, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.